Alhaji Alhassan Ɗantata: falken da ya sake wa goro hanya

Mu nan Sarkin Yamma da kewayen Madarunfa mun san yadda kasuwa ke yin tsit duk ranar da aka rufe iyaka da Najeriya, kamar yadda aka yi a 2019 da kuma 2023. Kaya na jibge, bashi na hawa, mutum ya rasa ta inda zai ɓullo. Shi ya sa yau muka ɗauko tarihin marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, mutumin da arzikinsa ya taso daga iya duban matsala ta wata fuskar.

An haife shi a Bebeji, ƙasar Kano, a 1877, cikin zuriyar Agalawa, fatake masu nisan zango. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ɗan yaro, mahaifiyarsa kuma ta tafi fatauci ƙasar da ake kira Gana a yau. Wata tsohuwa mai suna Tata ta rene shi, daga nan sunan Ɗantata ya bi shi. Ya yi almajiranci, ya yi ƙwadago, kuma a yaƙin basasar Kano da ya tashi a 1893 har kama shi aka yi, sai da aka fanshe shi. Ke nan ba gadon dukiya ya tashi da shi ba.

A wancan zamani goron Gwanja a kan jakai yake zuwa Kano. Ayari kan yi watanni a hanya, ga kuɗin fito, ga 'yan fashi, ga goro na lalacewa. Dabarar fatake ba ta wuce ƙara jakai da neman madugu nagari ba. Shi kuwa da ya zauna Akara ya ga jiragen ruwan Turawa na zirga-zirga zuwa Ikko, sai ya shiga loda goronsa a ciki, yana cikin Hausawan farko da suka yi haka. Da jirgin ƙasa ya fara aiki tsakanin Ikko da Kano a 1912, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki.

Masana halayyar tunanin ɗan Adam sun daɗe da gano abin da ke hana mutane irin wannan hange. Wani Bajamushe, Karl Duncker, wanda ya rasu a 1940, ya riƙa ba mutane kyandir da ashana da kwali cike da ƙananan ƙusoshi, ya ce su ɗora kyandir ɗin a jikin katako ya ci wuta. Da yawa suka kasa. Mafitar ita ce a juye ƙusoshin, a kafe kwalin, a zaunar da kyandir a kansa. In kuwa aka ba su kwalin babu komai ciki, nan da nan suke ganewa. Wato in ido ya saba ganin abu da aiki guda, ba ya ganin sauran amfaninsa. Fatake na ganin jirgin ruwa abin Bature ne, Ɗantata ya gan shi jakin da ba ya gajiya.

Haka ya sake yi da gujiya, wadda Kanawa ke kira gyaɗa. Kamfanonin Turawa na da kuɗi amma ba su san ƙauyuka ba. Shi kuwa yana da yaran gida da abokan ciniki ko'ina tun zamanin goro. A 1918 ya zama wakilin sayen gyaɗa na kamfanin Niger Company, yana ba yaransa jari tun kafin kaka, su shiga ƙauye su sayo. Da buhuna suka fi ƙarfin sito da jirgin ƙasa, aka shiga jera su kamar tubali har su zama dala, kuma ana danganta wannan dabara ta dalar gyaɗa da shi. Labarin da ya shahara a Kano shi ne a 1929 ya kai kuɗin azurfa banki a kan raƙuma 20, lokacin da attajirai ke binne nasu a ɗaka. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne.

Alhazan Maraɗi ma sun bi wannan sawu. Da fari ya karya cinikin gujiya a farkon shekarun 1970, waɗanda suka tsira su ne suka juya motocinsu da amanar da ke tsakaninsu da Katsinawa da Kanawa zuwa wasu kayan.

To, iyayenmu mata na kasuwa da 'yan uwa masu tireda, in ciniki ya tsaya, kafin a ruga cin bashi a zauna a lissafa abin da ke hannu. Akwai rumfa, akwai turmi, akwai waya, akwai masu saye da suka yarda da mutum. Mai gujiyar da ta ƙi sayuwa ɗanya tana iya matse mai ta toya ƙuli-ƙuli. Mai zuwa kasuwar Jibiya da kaya yana dawowa da mota wayam, ya tambayi kansa abin da za ta ɗauko.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan, ya sa albarka a nemanmu, amin.