TUNA BAYA: Birgediya Zakariya Maimalari da abin da harsashi bai samu damar faɗa ba

Daga Dala har zuwa hanyar Baga, da wuya a samu mazaunin Maiduguri da bai san sunan Maimalari ba. Sai dai ga mafi yawan matasa, suna ne na bariki kawai, wato hedikwatar Runduna ta 7 ta sojojin Najeriya. Mai sunan kuwa, Birgediya Zakariya Maimalari, yana cikin manyan hafsoshin da aka kashe a daren juyin mulkin farko, ranar 15 ga Janairu, 1966.

An haife shi a 1930 a garin Maimalari, wanda yanzu yake cikin Ƙaramar Hukumar Yusufari ta Jihar Yobe, a lokacin yana ƙarƙashin Lardin Borno. Ya yi karatu a kwalejin da a yau ake kira Barewa, ya shiga soja a 1950 tare da abokinsa Lawan Umar. Su biyun ne 'yan Najeriya na farko da suka sami horon cikakken hafsa a makarantar soja ta Sandhurst da ke Ingila, inda aka ba Maimalari igiyarsa a 1953. A wancan zamani yawancin hafsoshi 'yan ƙasa daga kurtu suka taso, don haka tun da wuri idanu suka koma kansa.

Bayan samun 'yancin kai ya yi aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Kongo, ya kai muƙamin Birgediya, aka ba shi kwamandan Birged ta 2 da ke Legas. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa sun shaide shi da kwarjini da tsananin riƙo da doka. A 1965, da Bature na ƙarshe da ya shugabanci sojojin Najeriya, Manjo-Janar Welby-Everard, zai tafi, sunan Maimalari yana cikin huɗun da aka duba, tare da Aguiyi-Ironsi da Ademulegun da Ogundipe. Ironsi aka bai wa.

A daren 14 ga Janairu, 1966, Maimalari ya yi walima a gidansa da ke Ikoyi, hafsoshi da dama suka halarta. Kafin asuba sojoji ƙarƙashin Manjo Donatus Okafor suka dira gidan. Ya sulale ta baya ya tsira. Yana tafe a kan titi sai ya hango motar Manjo Emmanuel Ifeajuna, babban jami'in ofishinsa, mutumin da ya ciyo wa Najeriya lambar zinare a tsallen sama a Vancouver a 1954. Ya tsayar da motar da zaton taimako ya zo, bai san Ifeajuna na cikin jagororin juyin ba. A nan aka harbe shi.

A daren aka kashe wasu 'yan Borno biyu, Kanar Kur Mohammed da Laftanar-Kanar Abogo Largema, waɗanda barikokin Bama da Biu ke ɗauke da sunayensu.

Wannan labari ya iso gare mu ne ta bakin mutane, akasarinsu masu hannu a juyin, waɗanda aka yi wa tambayoyi bayan an tsare su, da kuma rubutun da Ifeajuna ya bari. Ruwayoyin ma ba su zo ɗaya ba. Wata ta jingina harbin ga Ifeajuna shi kaɗai, wata ta haɗa shi da wani ƙaramin hafsa mai suna Ezedigbo. Irin wannan saɓani ne masana binciken harsashi ke iya warwarewa, idan an bar musu abin da za su duba.

Aikinsu yana da sharuɗɗa. Kafin a zana hanyar da harsashi ya bi, ana buƙatar aƙalla wurare biyu da ya taɓa, misali inda ya shiga da inda ya fita, sannan a haɗa su da sanda ko zare ko hasken leza. Siffar ramin tana nuna kusurwar da ya shigo. Burbushin albarushi a jikin tufa yana nuna kusancin mai harbi. Zanen da cikin bututun bindiga ke bari a jikin harsashi, da tabon da ke kan kwanso, su ke bambance wannan bindiga da waccan. Duk da haka masana sukan bar sararin kuskure na kusan digiri 5 ta kowane ɓangare, domin harsashi yakan kauce idan ya daki ƙashi ko gilashi. Kuma jikin mutum ba bango ba ne: idan ba a san ko yana tsaye, ko ya sunkuya, ko ya juya ba, layin da aka zana zai iya nuna wurin da babu kowa.

A Legas, tun a daren aka rasa waɗannan sharuɗɗa. An ɗauke gawarwaki daga inda suka faɗi, aka zubar a daji a kan hanyar Abeokuta, sai bayan kwanaki aka gano su. Gwamnatin Ironsi ta tsare maƙarƙashiyan amma ba ta gurfanar da su a kotu ba, don haka babu zaman da aka baje shaidu aka tantance. Ifeajuna kansa an harbe shi a Inugu a watan Satumban 1967, bisa umarnin hukumomin Biyafara. Illar wannan giɓi ta fito fili a 2010, lokacin da tsohon minista Matthew Mbu ya yi iƙirarin cewa ciwon asma ne ya kashe Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa, ba harbi ba, wasu kuma suka ƙaryata shi. Shekara 44 bayan faruwar abin, baki ne kawai ke gardama da baki.

Ko inda aka adana komai ma, lissafin bai kashe gardama ba. A kisan Shugaba Kennedy na Amurka a Dallas, ranar 22 ga Nuwamba, 1963, akwai fim da mota da rahoton likitoci. Kwamitin Warren ya yanke a 1964 cewa harsashi ɗaya ne ya ratsa Kennedy ya raunata Gwamna Connally, amma har yau ana jayayya, domin sakamakon ya dogara ga yadda kowannensu yake zaune a wannan daƙiƙa. Haka motar Janar Murtala Muhammad da ke gidan tarihi na Onikan a Legas: ramukan jikinta suna iya nuna ɓangaren da aka yi harbin ranar 13 ga Fabrairu, 1976, amma ba sa faɗin wanda ya riƙe bindigar, balle wanda ya aiko shi.

Game da Maimalari, abin da ya tabbata shi ne an kashe shi a hannun mutanen da ya amince da su, kuma hukuma ba ta kai maganar gaban alƙali ba. Rashin hukuncin yana cikin abubuwan da suka fusata sojojin Arewa har suka yi juyin ramuwa a watan Yulin 1966, wanda ya ci ran Ironsi ya kuma share fagen yaƙin basasa. Ɗansa, Abubakar Sadiq Maimalari, ya bi sawunsa cikin soja, ya kuma mulki Jihar Jigawa daga 1998 zuwa 1999. Allah Ya jiƙan Birgediya Zakariya Maimalari da sauran mazan jiya.