Louis Braille, Ɗan Baduku Mai Rubutun Makafi

'Yan'uwana mata, an haifi Louis Braille a Faransa a 1809. Ubansa baduku ne. Yana shekara 3 basilla ta soke shi a ido, ciwon ya kama ɗayan, ya makance. Iyayensa ba su fid da rai ba, suka sa shi makaranta. Yana shekara 15, a makarantar makafi ta Faris, ya shirya rubutun ɗigo 6 masu tudu, da yatsa ake karanta su. Tarin fuka ya yi ajalinsa a 1852, makarantar ba ta karɓi rubutun ba sai 1854. Yau da shi makafi ke karatu, har Alƙur'ani. To, uwar makaho, ƙoƙon bara za ki miƙa masa, ko allo?