Osamu Tezuka: Likitan da ya raini katun ɗin Japan, da gardamar wa ake zana wa

A wata rumfar cajin waya da tura finafinai a Dandamisa, cikin ƙaramar hukumar Makarfi, na taɓa leƙa kwamfutar mai rumfar ina jiran wayata ta samu wuta. Ya kasa hajarsa gida-gida: finafinan Hausa, na Indiya masu fassara, wa'azi, sai wani gida guda da ya sa wa suna na yara. A nan ya zuba Tom and Jerry tare da Naruto da Death Note da Attack on Titan. Na farkon kyanwa ce da ɓera. Death Note labarin ɗalibi ne da ya naɗa kansa alƙalin duniya, yana kashe duk wanda ya ga ya cancanci mutuwa. Na ƙarshen kuwa da kisan kiyashi ya ƙare. Ma'aunin mai rumfar ɗaya ne: duk abin da aka zana da hannu na yara ne.

Kafin a yi masa dariya, ya kamata a sani cewa a Japan ma waɗannan ukun aji ɗaya aka sa su, wato shonen, abin da aka tanadar wa samari 'yan makaranta, domin duk a mujallun samari aka fara buga su. Rayuwar Osamu Tezuka, wanda Japanawa ke ɗauka a matsayin uban wannan sana'a, ita ce ta fi bayyana yadda lakabi da abin da ke cikin kwalba suka raba hanya.

An haife shi ranar 3 ga Nuwamba, 1928, a Toyonaka da ke yankin Osaka, ya kuma tashi a garin Takarazuka cikin gidan da ke da rufin asiri. Mahaifinsa yana da na'urar majigi, yana haska wa iyalinsa finafinan katun na Amurka a gida. Mahaifiyarsa kuma takan kai shi kallon shahararriyar ƙungiyar wasan kwaikwayo ta garin, wadda mata zalla ne a cikinta, su ne sarakuna, su ne jarumai. Yaro ne mai tsananin son ƙwari, har ya ƙara harafin da ke nufin ƙwaro a jikin sunan da yake sa wa zane-zanensa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya riske shi yana saurayi. An tura shi aiki a masana'anta kamar sauran ɗalibai, kuma a 1945 ya ga yadda jiragen Amurka suka yi wa Osaka ruwan wuta, ya ga gawarwaki a kan hanya. Bayan yaƙin, a zamanin da sojojin Amurka ke riƙe da ƙasar, ya sha ba da labarin yadda wani soja ya make shi saboda sun kasa fahimtar harshen juna. Waɗannan abubuwa biyu, ƙiyayyar yaƙi da zafin wulaƙancin mai ƙarfi, sun bi shi har kabari.

Likitanci ya karanta a Osaka, ya samu lasisin aiki a farkon shekarun 1950, daga baya kuma ya samu digirin digirgir a 1961. Amma tun yana ɗalibi zane ya riga ya janye shi. A 1946 wata jaridar yara ta fara buga masa ɗan gajeren zane, a 1947 kuma littafin Shin Takarajima ya fito cikin jerin littattafan araha da ake bugawa a Osaka a kan takarda maras inganci. Ya jera hotunan tamkar mai ɗaukar fim, daga nesa zuwa kusa, daga sama zuwa ƙasa, yara kuwa suka yi ta rububinsa.

Ba Tezuka ne ya ƙirƙiro rabon masu karatu ba. Ya tarar da shi. Kamfanin Kodansha ya kafa mujallar Shonen Club ta yara maza a 1914, da Shojo Club ta 'yan mata a 1923, a zamanin da makarantun gaba da firamare suka raba maza da mata. Daga baya aka samu seinen na matasa maza da suka mallaki hankalin kansu, da josei na mata manya. Waɗannan kalmomi huɗu ba sa faɗin nau'in labari. Ba sa cewa na yaƙi ne, ko na soyayya, ko na ban tsoro. Abin da suke faɗi shi ne aljihun wa mai mujalla yake hari, da kuma wane mai talla zai saya masa shafi. Lissafin kasuwa ne, duk da cewa iyaye da yawa suna ɗaukarsa kamar hukuncin malaman tarbiyya.

Tezuka ya shiga ta ƙofar yara, amma kayan da ya shigo da su na manya ne. Tetsuwan Atomu, wanda duniya ta sani da Astro Boy, ya fara fitowa a mujallar Shonen a 1952, aka ci gaba da buga shi har 1968. Wani masanin kimiyya ne ɗansa ya mutu a haɗarin mota, sai ya ƙera mutum-mutumi mai kamannin yaron. Da ya ga ba ya girma, sai ya tsane shi, ya sayar da shi ga masu wasan nishaɗi. Daga nan labarin ya koma kan halittu masu hankali waɗanda ake moriyar ƙarfinsu amma doka ba ta ɗauke su daidai da mutane ba. Yaron da ke karantawa yana ganin jarumi mai tashi sama. Uban da ya leƙa zai ga bauta da wariya da tambayar wa ya isa a kira ɗan ƙasa.

A 1953 ya tsallaka ɓangaren 'yan mata da Ribon no Kishi a Shojo Club. Gimbiya ce a masarautar da doka ta hana mace gadon sarauta, sai aka raine ta a matsayin yarima domin kada karagar ta faɗa hannun wani basarake mai makirci. An yi masa ado da furanni da manyan idanu, amma gundarinsa rikicin gadon sarauta ne, abin da ba baƙo ba ne ga duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa. Mu ma muna da irin wannan a gida: Magana Jari Ce na Abubakar Imam a aji muka karanta shi muna dariyar aku, alhali ginshiƙinsa waziri ne mai ƙulla wa sarkinsa tuggu.

Manyan Japan ba su yi shiru ba. A 1955 ƙungiyoyin iyaye da malamai suka tayar da gangamin yaƙi da abin da suka kira miyagun littattafai, har aka riƙa tara littattafan zane ana cinna musu wuta a filayen makarantu, kuma ayyukan Tezuka ba su tsira daga zargin ba. Ba su ware mai kyau da maras kyau ba, sun yi wa nau'in kuɗin goro ne. Mai karatu zai tuna cewa a 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, an ƙone littattafan soyayya na Hausa a Kano. A ganina kuskuren masu ƙonawa da na mai rumfar Dandamisa uwarsu ɗaya. Wancan ya ga zane ya ce duk guba ne, wannan ya ga zane ya ce duk alewa ce, kuma babu wanda ya zauna ya karanta a cikinsu.

Sai batun kuɗi, wanda masu yabonsa ba su cika son tsayawa a kai ba. A 1961 Tezuka ya kafa kamfanin yin katun da aka sani da Mushi Production, kuma ranar 1 ga Janairu, 1963, tashar Fuji ta fara nuna Astro Boy, rabin sa'a kowane mako. Masana harkar sun ɗauka hakan ba zai yiwu ba, domin fim yana cin hoto 24 a kowace daƙiƙa, kuma kowanne da hannu ake zana shi. Tezuka ya rage zuwa kamar takwas, wani lokaci ma ƙasa da haka. Ya bar fuska a tsaye baki kaɗai ke motsi, ya adana zanen tashi da na gudu yana maimaita su mako bayan mako. Yawancin abin da matasa ke kira salon katun ɗin Japan a yau, talauci ne ya haife shi.

Domin ya samu shiga, ya karɓi kuɗin da bai kai abin da ake kashewa a kan kowane kashi ba, da niyyar cike giɓin ta hanyar sayar da sunan jarumin ga masu alewa da kayan wasa, da kuma sayar da shirin a ƙasashen waje. Dabarar ta ci, shirin ya kai kashi 193. Sai dai ta bar gado biyu masu nauyi. Na farko, tashoshi suka saba da araha, masu zane kuma suka saba da kwana a ofis a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Bayan rasuwarsa, Hayao Miyazaki, wani gwanin wannan fage, ya fito fili ya ɗora masa alhakin haka. Na biyu, tun da mai alewa ne ke biya, sai katun ɗin talabijin ya zama na yara a idon kowa, ko mene ne a cikinsa. Da kamfanin NBC na Amurka ya sayi Astro Boy a 1963, an tace shi, an ƙi wasu kashe-kashen, domin a can ma an riga an yanke cewa katun abincin yara ne.

Yaran 1947 kuwa sun girma. Sun shiga jami'a, wasunsu sun shiga zanga-zangar ɗalibai ta shekarun 1960, suna son zanen da ya yi kama da ɗacin rayuwarsu. Wasu masu zane suka fito da salo mai duhu da suka kira gekiga, mujallar Garo ta zama dandalinsu daga 1964, aka fara kallon Tezuka a matsayin tsohon yayi mai zana wa ƙanana. Abin ya ci masa rai ƙwarai, domin mutum ne mai kishi, wanda ba ya son wani ya sha gabansa. Ya kafa tasa mujallar, COM, a 1967, sannan ya shiga rubuta wa manya kai tsaye.

A nan ne, a ra'ayina, ɗan jarida zai fi samun abin karatu. Ayako, wanda ya fito a mujallar Big Comic daga 1972 zuwa 1973, labarin wani gidan masu gonaki ne da sauyin dokar filaye na bayan yaƙi ya girgiza, waɗanda suka kulle ƙaramar yarinya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa shekara da shekaru domin kada ta tona kisan da ya shafi siyasa. MW, na 1976 zuwa 1978, ya ginu a kan tsiyayar iskar guba daga rumbun makaman wata ƙasar waje a wani tsibiri, da yadda hukuma ta binne maganar. A 1969 an samu tsiyayar irin wannan iska a sansanin sojan Amurka da ke Okinawa. Daga 1983 zuwa 1985 ya yi Adolf, kan zamanin Hitler, a wata mujallar labarai ta mako-mako da manya ke karantawa.

Tsakanin haka Mushi Production ya durƙushe a 1973, bashi ya yi masa katutu, mutane suka ce tasa ta ƙare. Abin da ya tashe shi ya sake rikita lissafin masu rarraba aji. A wannan shekarar ya fara Black Jack a mujallar samari ta Shonen Champion: likitan tiyata maras lasisi, mai tsawwala wa attajirai kuɗi, wanda ta bakin labarinsa Tezuka ya caccaki manyan asibitoci da son zuciyar likitoci, ya kuma tambayi ko tsawaita rai kullum alheri ne. Karatun likitancin da ya jingine a nan ya yi masa rana. An yi shekara goma ana buga shi, kuma sunansa shonen har yau.

Ciwon dajin ciki ya kashe shi a Tokyo ranar 9 ga Fabrairu, 1989, yana da shekara 60, wata guda bayan rasuwar Sarki Hirohito wanda da sunansa aka yi yaƙin da ya ƙona Osaka. Ya bar kimanin shafi 150,000 na zane, da Hi no Tori, aikin da ya fi ɗauka da muhimmanci, bai kammala ba.

Akwai bashin da ya rage tsakaninsa da mu. Jungle Taitei, labarin farin zaki da ya zana daga 1950 zuwa 1954, wanda ya zama katun mai launi a talabijin a 1965 aka kuma san shi da Kimba a ƙasashen waje, a Afirka aka kafa shi. Zakunan suna da mutunci da tunani. 'Yan Afirkan da ke cikin wannan da wasu ayyukansa kuwa an zana su da manyan leɓɓa da kamannin raini irin na tsofaffin katun ɗin Amurka, daga hannun mutumin da ya shafe rayuwarsa yana rubutu a kan wariya. A 1990 wata ƙungiyar yaƙi da wariyar baƙar fata a Japan ta kai ƙorafi. Masu buga littattafansa ba su taɓa zanen ba. Sun ƙara wata sanarwa a cikin littattafan mai bayyana zamanin da aka yi su, kuma da ita ake sayar da su har yanzu.