Oliver Winchester: Attajirin Riguna Da Ya Koma Ƙera Bindiga

A tarihin ƙere-ƙeren makamai na ƙasar Amurka, da wuya a sami sunan da ya kai na Winchester shahara. Abin mamaki kuwa shi ne, mutumin da ke da wannan suna bai taɓa zama maƙeri ba, kuma bai taɓa fita fagen fama ba. Da cinikin riguna ya tara dukiya, sai da ya kai wajen shekara 45 kana ya sa hannu cikin sha'anin bindiga.

An haifi Oliver Fisher Winchester a birnin Boston ran 30 ga watan Nuwamba, 1810. Mahaifinsa ya rasu tun yana jariri, ya bar iyalin cikin talauci. Saboda haka bai sami zurfin karatu ba, tun yana ƙarami ya shiga ƙodago a gonakin mutane, daga baya aka kai shi koyon kafinta. Da ya ƙware sai ya koma birnin Baltimore, ya yi aikin gine-gine na 'yan shekaru, sa'an nan ya buɗe kantin tufafin maza. Ya auri Jane Ellen Hope cikin 1834.

Cikin 1848 ya sami takardar mallakar wata sabuwar dabara ta yanka rigar maza, wadda ke sa kafaɗa ta zauna daidai a jiki. Ya haɗa jari da wani ɗan kasuwa mai suna John Davies, suka kafa ma'aikatar riguna a garin New Haven, cikin Jihar Connecticut. Ciniki ya yi albarka ƙwarai, har ya shiga neman inda zai zuba rarar kuɗinsa.

A zamanin nan yawancin bindigogin duniya irin na ɗure ne, watau kamar bindigar toka ta maharba: a zuba albarushi ta baki, a bi shi da dalma, a danna da sanda, a harba sau ɗaya, a sake sabon ɗuri. Waɗansu maƙera biyu, Horace Smith da Daniel Wesson, suna ta ƙoƙarin gyara wata bindiga mai cin harsashi da yawa a lokaci guda. Cikin 1855 aka kafa kamfanin Volcanic don ƙera ta, Winchester ya sayi hannun jari. Amma bindigar ba ta karɓu ba, domin albarushin a cikin ramin dalmar aka ɗura shi, ga shi ɗan kaɗan, harbin ba shi da ƙarfi. Kamfanin ya karye cikin 1857. Winchester bai janye ba, ya karɓi kayan aikin, ya kafa kamfanin New Haven Arms, ya ɗora wani gwanin maƙeri, Benjamin Tyler Henry, bisa shugabancin ma'aikata.

Henry ya gane cewa cutar tana ga harsashi. Sai ya ƙera sabon harsashi mai kwanson ƙarfe, wanda aka zuba sinadarin kunna wuta a cikin leɓen gindinsa. Idan aka ja kunama, wani tsinke ya daki leɓen, wuta ta kama albarushi, dalma ta fita. Bindigar kuma tana da wani mariƙin ƙarfe a ƙarƙashin kunama. In mai harbi ya tura shi ƙasa sai kwanson da aka harba ya fice, in ya maido shi sama sai sabon harsashi ya hau daga wani siririn bututu da ke kwance ƙarƙashin babban bututun. Bututun nan yana ɗaukar harsashi 15, ga kuma ɗaya a ɗane. An ba Henry takardar mallakar wannan fasaha a watan Oktoba, 1860.

Ba a daɗe ba yaƙin basasar Amurka ya ɓarke cikin 1861. Winchester ya yi tsammanin gwamnati za ta yi rububin sayen bindigar, amma babban jami'in makamai na rundunar Arewa, Janar James Ripley, yana ganin irin waɗannan bindigogi ba abin da za su jawo sai ɓarnar harsashi. Abin da gwamnati ta saya bai kai 2,000 ba. Sojoji da yawa kuwa da suka ga amfaninta, da kuɗin aljihunsu suka saye ta. Jimlar waɗanda aka ƙera zuwa 1866 ta kai wajen 14,000.

Nasarar nan ita ta raba mai kuɗi da mai fasaha. Henry ya ga ladan da yake samu bai yi daidai da wahalarsa ba. Yayin da Winchester ya tafi Turai, sai ya kai kuka ga majalisar dokokin Connecticut yana neman kamfanin ya dawo hannunsa. Winchester ya komo da gaggawa, ya warware shirin, ya sāke wa harkar tsari da suna, cikin 1866 ta zama Winchester Repeating Arms. Henry ya bar kamfanin, ya ci gaba da ƙirarsa shi kaɗai har ya rasu cikin 1898. Abin da ya rage na tunawa da shi shi ne harafin H da kamfanin ya daɗe yana bugawa a gindin harsasansa masu kama wuta ta leɓe.

Wanda ya gaji Henry, Nelson King, ya gyara aibu biyu na tsohuwar bindigar. Ya buɗe 'yar ƙofa a gefe inda ake cusa harsashi, ya rufe tsagar bututun da ƙasa ke shiga, aka kuma sa katako inda hannu ke riƙewa don kada zafi ya ƙona mai harbi. Wannan ita ce ƙirar 1866. A shekarar ce kuma aka zaɓi Winchester Mataimakin Gwamnan Connecticut, ya riƙe muƙamin shekara ɗaya.

Da kasuwar gida ta yi sanyi bayan yaƙi, sai ya juya ga ƙasashen waje. Daular Usmaniyya ta sayi dubun dubatar bindigoginsa. Cikin 1877, a garin Plevna da ke ƙasar Bulgeriya ta yanzu, sojojin Usman Pasha suka tare rundunar Rasha da ta fi su yawa har wajen wata biyar. Sukan harbi abokan gaba daga nesa da manyan bindigogi, in sun matso kusa su yi musu ruwan harsashi da Winchester. Garin ya faɗi a watan Disamba, amma hafsoshin Turai sun ɗauki darasi game da bindiga mai maimaita harbi.

A cikin Amurka kuwa, ƙirar 1873, mai harsashin da ke kama wuta ta tsakiya, ita ta bi Turawa 'yan kama-wuri-zauna zuwa yammacin ƙasar. 'Yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa, sun rasa ƙasarsu da rayuka masu yawa a wannan zamani. Su ma sun mallaki bindigar ta hanyar ciniki: a yaƙin Little Bighorn na watan Yuni, 1876, waɗansu mayaƙan Lakota da Cheyenne suna riƙe da Henry da Winchester, alhali sojojin Custer bindigoginsu masu cin harsashi ɗaya ne. Sojoji fiye da 260 suka halaka.

Winchester ya rasu a New Haven a watan Disamba, 1880, yana da shekara 70. Ɗansa William ya bi shi bayan wata uku, tarin fuka ya kashe shi. Daga baya ragamar kamfanin ta koma hannun surukinsa, Thomas Bennett.

Harsashi mai kama wuta ta leɓe ya fita daga fagen yaƙi, domin kwansonsa siriri ne, ba ya jure albarushi mai yawa. Amma ƙaraminsa, wanda ake kira .22, ya zama na farautar zomo da koyon saiti, kuma cikin 1884 kamfanin ya fitar da ƙirar 1873 mai cin irinsa. A ƙarni na 20 manyan kantunan Amurka suka riƙa sayen bindigogi daga maƙera suna buga musu sunayen kansu, suna aika wa manoma ta gidan waya. Kantin Sears ya yi amfani da sunan J.C. Higgins, daga baya Ted Williams, Montgomery Ward kuma Western Field. Kamfanonin Marlin da Winchester suna cikin masu ƙera musu. Dokar 1968 ta hana aika wa mutum bindiga gida ta gidan waya, ta kuma wajabta buga wa kowace bindiga lambarta. Masu tara waɗannan tsofaffin bindigogi a yau sukan gane maƙerin ta lambar da Sears ya buga a jikin bututu: 103 ta Marlin ce, 273 ta Winchester. Ma'aikatar New Haven kuwa an rufe ta cikin 2006.