Malam Aminu Kano: Ɗan Takarar da Bai Tara Ba

Ban riski Malam Aminu Kano ba, domin ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, tun ba a haife ni ba. A bakin kakana, tsohon ɗan NEPU, na san shi.

An haifi Malam a Kano a 1920. Ya koyar a Bauchi da Maru kafin ya ajiye alli, ya kuma shugabanci NEPU daga 1953. Jam'iyyar ba ta da sarakuna da En'e a bayanta. Kakana ya ce da kuɗin kati da karo-karon teloli da mahauta da 'yan koli suka riƙe ta, ga ɗauri, ga bulala.

A 1979 ya yi wa PRP takarar shugaban ƙasa. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta so hana shi kan batun haraji, kotu ta wanke shi. Bai ci ba, amma PRP ta samu gwamnonin Kano da Kaduna.

Ya riƙe kwamishinan tarayya zamanin Gowon, amma da na ga ɗakinsa a Gwammaja sai jikina ya yi sanyi. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100. Ina Malam zai samo su?