Stella Obasanjo: Uwargidan shugaban ƙasa da tiyatar zuƙe kitse ta yi ajalinta

Azumin shekarar 2005 na dab da shiga goman ƙarshe lokacin da Najeriya ta kwana da rashi guda ta wayi gari da biyu. Daren Asabar 22 ga Oktoba, jirgin saman kamfanin Bellview da ya tashi daga Legas zuwa Abuja ya faɗi a ƙauyen Lisa da ke Jihar Ogun, mutum 117 da ke cikinsa babu wanda ya tsira. Ana cikin neman tarkacen jirgin ranar Lahadi sai labari ya iso daga ƙasar Sifaniya cewa uwargidan shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, ta mutu a wani asibiti. Shekararta 59, saura mako uku ta cika 60. Ba wata doguwar jinya ta yi ba. Da ƙafarta ta shiga asibitin domin a zuƙe mata kitse a gyara mata ciki.

An haife ta ranar 14 ga Nuwamba, 1945, a gidan da ya san boko tun da wuri. Iyayenta 'yan ƙabilar Esan ne daga garin Iruekpen a Jihar Edo ta yanzu, mabiya ɗarikar Katolika. Mahaifinta, Christopher Abebe, ya yi aiki a kamfanin UAC har ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabance shi. Dattawan ƙasar Kano da Kazaure ba sa buƙatar a yi musu bayanin UAC, domin yana cikin manyan kamfanonin Turawa da suka riƙa sayen gyaɗar da manomansu suka noma a zamanin dalar gyaɗa. Ta yi sakandare a St. Theresa's College da ke Ibadan, ta shiga Jami'ar Ife a 1967 tana karatun Ingilishi, a daidai shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke. Ba ta kammala a can ba. Ta wuce Birtaniya, inda ta karanci aikin inshora, sannan ta koyi aikin sakatariya a Landan.

A 1976 ta auri Olusegun Obasanjo, shekarar da kisan Janar Murtala Mohammed ya ɗora shi a kan mulki. Ta haifa masa ɗa namiji, Olumuyiwa, a shekara ta gaba. Ba ita ce matarsa ta farko ba, kuma a wancan mulkin soja da ya ƙare a Oktoban 1979 jama'a ba su san fuskarta ba. Lokacin ba a fara yayin ofishin uwargida ba. Sai da Maryam Babangida ta zo da shirin Better Life a 1987 matar shugaba ta zama hukuma mai zaman kanta, da motoci da ma'aikata da labarai a talabijin.

Abin da ya fito da sunan Stella fili shi ne kurkuku. A 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta kama Obasanjo bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki, tare da tsohon mataimakinsa, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa. Kotun soja ta yanke musu hukunci a asirce, daga baya aka rage wa Obasanjo nasa zuwa shekara 15, aka tsare shi a Jos, sannan a Yola. A shekarun nan da abokai da yawa suka ja baya, ita ce ta riƙa bin hanya tana kai masa ziyara, tana kuma fita ƙasashen waje tana tuna wa duniya cewa mijinta na tsare. Tsoron da take ji yana da dalili: 'Yar'aduwa ya rasu a gidan yarin Abakaliki a Disambar 1997. Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni, 1998, aka saki Obasanjo kwanaki kaɗan bayan haka, kuma ranar 29 ga Mayu, 1999 ya sha rantsuwa a matsayin zaɓaɓɓen shugaba. Matar da ta saba da ƙofar gidan yari ta tare a fadar Aso Rock.

A fadar ta kafa gidauniyar Child Care Trust domin kula da yara masu naƙasa da waɗanda iyayensu suka yasar, ta gina mata cibiya a Bwari kusa da Abuja. Ta yi suna da ado: gwaggwaro mai tsayi, leshi mai tsada, kwalliya wadda ba ta kuskure. Masu sonta suna ganin mace mai sakin fuska a gefen miji mai murtuke fuska. Masu suka kuwa sun sami abin riƙewa a shekararta ta ƙarshe. A Afrilun 2005 aka sallami ministar gidaje, Mobolaji Osomo, kan yadda aka sayar da gidajen gwamnati a unguwar Ikoyi ta Legas ba bisa ƙa'ida ba, sunayen wasu dangin uwargidan na cikin jerin waɗanda suka amfana, shugaban ya soke cinikin. Wata guda bayan haka jami'an tsaro suka tsare mawallafin jaridar Midwest Herald bayan ta buga labarin da ya zarge ta da kwaɗayi, ƙungiyoyin kare 'yan jarida suka yi Allah wadai. Wanda zai ba da tarihinta da gaskiya ba zai tsallake wannan ba.

Aikinta da ya fi daɗewa bayanta ya shafi wuƙa da jikin mace. Ranar 6 ga Fabrairu, 2003, a wani taro da aka yi a Addis Ababa na ƙasar Habasha, ita ce ta yi shelar ƙin amincewa da kaciyar mata ta kowace fuska, a madadin matan shugabannin Afirka. Wannan rana ce Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince a 2012 a riƙa tunawa da ita kowace shekara, sannan a 2015 Najeriya ta haramta al'adar a dokar tarayya. Bahaushe kan ɗauka maganar ta mutanen kudu ce, alhali yankan gishiri da cire angurya da wanzami ko ungozoma ke yi wa 'ya mace suna cikin lissafin, kuma likitocin da ke ɗinke masu yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina da asibitin Jahun a Jigawa sun san abin da askar kan bari a baya.

Shekara biyu da wata takwas bayan wannan shela ta kwanta a gaban wata wuƙar, wadda ta zaɓa da kanta, ta kuma biya kuɗinta.

Asibitin na kuɗi ne, a Puerto Banús kusa da Marbella, bakin tekun da attajiran Turai da na Larabawa ke zuwa hutu. Aikin da aka yi mata ba baƙo ba ne a duniyar likitanci. Tun a shekarun 1920 wani likita a Faransa ya gwada kankare kitse daga ƙafar wata mata, ƙafar ta ruɓe aka yanke ta, lamarin da ya sa aka daɗe ana gudun irin wannan aiki. A shekarun 1970 likitoci a Italiya da Faransa, musamman Yves-Gérard Illouz na birnin Paris, suka fito da hanyar da ake bi har yau. Ana ɗan tsaga fata, a cusa siririn bututun ƙarfe mai dakusasshen baki a cikin kitsen da ke kwance tsakanin fata da naman ciki, a riƙa tura shi gaba da baya yayin da na'ura ke zuƙowa. Daga ƙarshen shekarun 1980 aka ƙara dabarar fara ɗura ruwa mai maganin kashe zafi da na tsuke jijiyoyin jini, abin da ya rage zubar jini ƙwarai.

Sai dai akwai abu guda da duk wannan ci gaba bai kawar ba: likitan ba ya ganin bakin bututun. Da hannu yake lalube, ɗaya na turawa, ɗaya na dafe da fata yana jin inda ƙarfen ya kai. Tsakanin kitsen da ake nema da hanjin da ba a so a taɓa, shingen naman ciki ne kawai, wanda kan yi laushi ga macen da ta haihu ko ta manyanta. Idan ƙarfen ya karkace ya ratsa shingen ya huda hanji, ƙazantar da ke ciki sai ta tsiyaye cikin kogon ciki, ƙwayoyin cuta su yaɗu, su shiga jini, hawan jini ya faɗi, ƙoda da sauran gaɓoɓi su fara tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Mugun abin shi ne alamun farko, wato ciwon ciki da kumburi da amai, sun yi kama da raɗaɗin da kowa ke ji bayan tiyata. Likitan da bai sa ido ba sai ya ba da maganin ciwo ya tafi gida. Wanda ya yi zargi da wuri ya buɗe cikin ya ɗinke hujin ya wanke, yawanci yakan ceto mai jinyar.

Abin da ya sami Stella ke nan, kamar yadda shari'ar da aka yi daga baya ta tabbatar. Bututun ya shiga kogon cikinta, ya huda babban hanji, ya yanki hanta. Washegari jikinta ya rikice. Masu gabatar da ƙara sun shaida wa kotu cewa da farko an yi ta kiran wayar likitan bai ɗauka ba, kuma da ya zo sai da aka shafe fiye da awa huɗu kafin a kai ta sashen kulawa ta musamman. Ta cika da safiyar Lahadi. Kuskuren hannu na iya faɗa wa kowane likita. Waɗannan awanni huɗu su ne abin da ba shi da uzuri, domin bayanan da aka gabatar sun nuna da an gaggauta da wataƙila ta rayu.

A gida jita-jita ta cika gari, kamar yadda takan yi duk lokacin da babba ya mutu bagatatan hukuma kuma ta yi rowar bayani. Haɗuwar mutuwarta da faɗuwar jirgi a dare ɗaya ta ba masu camfi abin tauna, har da masu cewa tsafi aka yi da ita. Obasanjo ya musanta wannan a littafin tarihinsa, My Watch, wanda ya fito a 2014, inda ya bayyana cewa tiyatar na cikin shirye-shiryenta na bikin cika shekara 60, kuma shi kansa bai san da ita ba sai bayan ta mutu. Wannan ɓoyo shi ne ya fi kama da halin da ake ciki a yau. Mace takan tafi gyaran jiki ba tare da miji ko uwa ko 'yar'uwa ta sani ba, saboda kunya da tsoron gori, don haka ranar da abu ya ɓaci babu na kusa da zai tsaya a kan likita ya ɗaga murya.

A 2005 sai mai hali sosai ke hawa jirgi don irin wannan aiki. Yanzu ana yin sa a Legas da Abuja, ana tallarsa a Instagram da TikTok da hotunan kafin da bayan, wasu kuma na tafiya Turkiyya ko Masar. Wanda ya fi tashe shi ne zuƙo kitse daga ciki a ɗura shi a mazaunai, aikin da ƙungiyoyin likitocin fiɗa suka sanya cikin mafi haɗari a fannin, saboda kitsen na iya shiga babbar jijiya ya tafi ya toshe huhu cikin mintuna. Budurwar Kazaure ko Babura tana ganin hotunan nan a wayarta kamar yadda ta Legas ke gani. Kuɗin tiyata ne ba ta da shi, sai ta koma ga abin da aljihunta zai iya: ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da allurai da haɗe-haɗen da ake cewa suna ciko ƙugu da ƙirji kafin biki. Da yawa daga ƙwayoyin nan dexamethasone ne, maganin da likita ke bayarwa da awo don kumburi da asma. Shan sa barkatai na tara ruwa a jiki ya kumbura fuska, abin da ake ɗauka ƙiba ce, sannan ya jawo ciwon suga da hawan jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Idan kuwa abu ya rikice da dare a wani ƙauyen Roni ko Gwiwa, sai an nemi mota zuwa babban asibitin Kazaure, in ya fi ƙarfinsu a kama hanyar Kano. Awa huɗun da suka ci uwargidan shugaban ƙasa a tsakiyar asibitocin Turai, a nan hanya kaɗai za ta iya cinye su.

An dawo da gawarta gida, aka binne ta a Abeokuta kafin watan Oktoba ya ƙare. Shari'a ta ɗauki kusan shekara huɗu. A Satumbar 2009 wata kotu a Malaga ta sami likitan da laifin kisa ta hanyar sakaci, ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya, ta hana shi aikin likita na shekara uku, ta kuma umarce shi ya biya ɗanta diyyar Yuro 120,000. Masu gabatar da ƙara sun nemi shekara biyu a kurkuku da dakatarwar shekara biyar, ba su samu ba. A tsarin Sifaniya, hukuncin da bai wuce shekara biyu ba yakan zama na jeka-ka-gyara-halinka ga wanda bai taɓa laifi ba. Kotun ta kuma ƙi amincewa da buƙatar a biya gwamnatin Najeriya diyya.

Gwamnatin Jihar Edo ta sa wa wani asibiti a Benin sunanta. Mahaifinta, Christopher Abebe, ya rayu fiye da shekara 12 bayanta, ya mutu a 2018.