John Bowlby (1907-1990): Likitan da Ya Bi Diddigin Kangarar Yara

Gabatarwa

Idan yaro ya kangare, ya shiga ɗauke-ɗauke, ko ya zama ba ya jin kira ba ya jin bari, abin da manya suka fi saurin faɗa shi ne halinsa ne, ko kuwa gado ya yi. A cikin wannan maƙala za a kawo tarihin wani likita mutumin Ingila, John Bowlby, wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen nuna cewa kafin a yanke wa yaro hukunci, ya kamata a binciki abin da ya same shi tun yana ƙarami, musamman ko an taɓa raba shi da wanda ya shaƙu da shi. Za a bi rayuwar tasa tun daga farko, domin abin da ya bincika game da 'ya'yan wasu, shi ma ya ɗanɗana.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Bowlby a birnin Landan ran 26 ga watan Fabrairu, 1907. Shi ne na huɗu a cikin 'ya'ya shida na Sir Anthony Bowlby, wani babban likitan fiɗa mai yi wa gidan sarautar Ingila aiki. Bisa al'adar masu hali na wancan zamani, masu raino ne ke ɗawainiyar yara, uwa kuwa sai da maraice ake kawo mata su, su yi kamar sa'a guda tare. Saboda haka wadda Bowlby ya sani a matsayin uwa ita ce mai rainonsa. Yana da shekara kamar 4 ta bar gidan. Sa'an nan a lokacin Yaƙin Duniya na Farko, mahaifinsa yana can yana duba sojoji, aka kai shi makarantar kwana. Watau tun bai san ciwon kansa ba ya san zafin rabuwa.

Iliminsa

Bayan ya yi makarantar horar da sojan ruwa ta Dartmouth, ya shiga Jami'ar Kambirij a 1925, ya gama a 1928. Maimakon ya zarce da karatun likita, sai ya tafi aikin sa kai a wata makaranta ta yaran da suka gagari sauran makarantu. A can ya gamu da yara biyu da suka tsaya masa a rai. Ɗaya matashi ne da aka kora daga wata makaranta saboda sata, ba ya shiga harkar kowa, bai kuma taɓa samun tsayayyar uwa ba. Ɗayan kuwa ƙaramin yaro ne mai yawan fargaba, wanda ke bin Bowlby duk inda ya sa ƙafa. Waɗannan yara su suka sa ya ƙudura zama likitan ƙwaƙwalwar yara. Ya gama karatun likita a Landan a 1933, ya sami horo a asibitin Maudsley, kana a 1937 ya ƙware a hanyar Sigmund Freud ta binciken abin da ke ɓoye a zuciya.

A nan ne ya fara saɓawa da malamansa. Melanie Klein, wadda ke duba aikinsa, tana ganin tushen damuwar yaro shi ne abin da yake ƙiyastawa a ransa. Har ma ta hana shi yin magana da mahaifiyar wani yaro ɗan shekara 3 da yake dubawa. Shi kuwa Bowlby yana ganin ba za a fahimci yaro ba sai an san abin da ke faruwa a gidansu a zahiri.

Binciken Ɓarayi 44

Daga 1936 ya kama aiki a wani asibitin ba da shawara kan tarbiyyar yara a Landan. Ya ɗauki yara 44 da aka kawo saboda sata, ya gwama su da wasu 44 masu damuwa amma ba sa sata, ya bi tarihin kowannensu. Sakamakon, wanda aka buga a 1944, ya nuna cewa 17 daga cikin masu satar an raba su da iyayensu mata na tsawon lokaci kafin su cika shekara 5, alhali 2 ne kawai daga ɗaya rukunin suka sha irin wannan rabuwa. Har ila yau ya ware yara 14 daga masu satar waɗanda ba su ƙaunar kowa, ba su kuma nadamar abin da suka yi. A cikin waɗannan, 12 sun sha doguwar rabuwa.

Tun a 1939, sa'ad da gwamnati ta shiga kwashe yara daga birane don tsoron bama-bamai, shi da likitoci biyu, Donald Winnicott da Emanuel Miller, suka yi gargaɗi a rubuce cewa raba ƙananan yara da iyayensu mata yana da nasa haɗarin. Ya yi aikin likitan soja a lokacin yaƙin, bayan an gama kuma ya zama shugaban sashen yara na asibitin Tavistock, inda ya sake wa sashen suna ya koma na yara da iyaye.

Rahoton 1951 da Yara a Asibiti

Yaƙi ya bar ɗimbin marayu da yara marasa gida a Turai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora wa Bowlby rubuta rahoto a kansu, aka buga a 1951, aka kuma fassara shi cikin harsuna da yawa. Gundarin rahoton shi ne, ci da sha da tsabta ba su isa yaro ba. Yana bukatar mutum tsayayye mai ƙaunarsa, uwa ko wadda ta tsaya a madadinta.

A wancan lokaci asibitocin Ingila da yawa ba su barin iyaye su ga 'ya'yansu da aka kwantar sai sau ɗaya a mako, wasu ma ba su bari sam. Hujjar ma'aikata ita ce zuwan iyaye yana tayar wa yara da hankali, in ba su zo ba kuwa yaro yakan yi shiru. Abokin aikin Bowlby, James Robertson, ya ɗauki fim na wata yarinya 'yar shekara 2 da ta yi kwana 8 a asibiti, aka nuna shi a 1952. Su biyun suka bayyana matakai uku da yaro ke bi: da farko kuka da neman uwa, sa'an nan fid da rai, daga ƙarshe ya nuna kamar bai damu da ita ba. Ashe shirun da ake yabo alama ce ta yanke ƙauna. Likitoci da yawa sun fusata da fim ɗin, amma a 1959 kwamitin gwamnati a ƙarƙashin Sir Harry Platt ya ba da shawara a buɗe wa iyaye ƙofa.

Ra'in Shaƙuwa

Masana na lokacin suna cewa jariri yana son uwarsa ne domin ita ke ba shi nono. Bowlby bai gamsu ba, sai ya nemi amsa wurin masu nazarin dabbobi. Konrad Lorenz ya nuna cewa 'ya'yan dinya suna bin uwarsu ko da yake da kansu suke kiwo. Harry Harlow kuma a Amurka ya nuna cewa jariran birai sun fi maƙale wa uwar da aka yi da tsumma mai laushi a kan ta waya mai ba da madara. Daga nan Bowlby ya kafa ra'insa cewa shaƙuwa bukata ce mai zaman kanta da aka halicci yaro da ita, amfaninta kuwa tsaro ne. Ya shimfiɗa ra'in a cikin littattafai uku da suka fito a 1969 da 1973 da 1980. Mary Ainsworth, wadda ta yi aiki tare da shi, ta gwada ra'in a kan jariran Baganda kusa da Kampala ta Yuganda a 1954 zuwa 1955, ta ga cewa yaron da ya amince da uwarsa shi ya fi sakin jiki ya yi wasa.

Sukar da Aka Yi Masa

Bowlby bai tsira daga suka ba, wata sukar kuma tana da ƙarfi. An ce yaran bincikensa na 1944 ba su da yawa, tarihinsu kuma daga bakin iyaye aka samo shi bayan shekaru sun shuɗe. Masu kare haƙƙin mata sun koka cewa an fake da rahoton 1951 don a tsare mata a gida. A 1972 Michael Rutter ya nuna cewa rigimar gida da rashin samun wanda za a shaƙu da shi tun farko sun fi ita kanta rabuwar jawo kangara. Batun ko uwa kaɗai ce abin shaƙuwa kuwa, ƙasar Hausa ta ba da tata shaida. A wani bincike da aka buga a 1977, wanda Robert LeVine yana cikin marubutansa, an ga jariran Hausawa suna shaƙuwa da mutum uku ko huɗu na gidansu, amma suna fifita wanda ya fi ɗaukarsu.

Ƙarshen Rayuwarsa

Ya auri Ursula Longstaff a 1938, suka haifi 'ya'ya huɗu. Aikinsa na ƙarshe shi ne tarihin Charles Darwin, wanda ya rasa mahaifiyarsa yana ɗan shekara 8, inda ya danganta doguwar rashin lafiyar Darwin da wannan rashi. Bowlby ya mutu a tsibirin Skye na Sukotilan ran 2 ga watan Satumba, 1990, yana da shekara 83.

Kammalawa

An ga cewa ba duk abin da Bowlby ya faɗa ne ya tabbata ba, shi ma ya gyara wasu maganganunsa da kansa. Abin da ya tsaya shi ne hanyar da ya koyar, watau a dubi yaro da ido, a kuma san tarihinsa. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da Bowlby ya ƙara a kan wannan shi ne, wanda ya tarar da iccen a karkace, ya fara binciken abin da ya danne shi tun yana tsiro kafin ya ɗauki gatari.